Kurakuran da ake yi wajen gwada nisan siginar rimot kafin jirgi ya tashi

Idan ƙaramin jirgin rimot ya ƙwace wa mai shi ya dunguri ƙasa, sai ka ji an ɗora wa iska laifi. Sau da yawa kuwa sigina ce ta yanke, kuma da an gwada ta yadda ya kamata, da matsalar ta nuna kanta tun jirgin yana ƙasa.

Babban kuskuren shi ne mutum ya tsaya a kan jirgin, ya motsa sandunan rimot, ya ga fukafukai sun amsa, ya ce shi ke nan. Risiba, wato na'urar da ke karɓar sigina a cikin jirgin, ko eriyarta ta yanke za ta amsa daga taku biyu. Shi ya sa rimot na 2.4GHz yake da saitin gwaji wanda ke rage ƙarfin sigina da gangan. Ka kunna shi, ka yi nisa. Kamfanin rimot na Spektrum sun ce taku 30, wato kusan mita 28, Futaba kuma taku 30 zuwa 50. A ɗora jirgin a kan bencin katako, ba cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ko kan bonet ɗin mota ba. Wani ya tsaya kusa yana kallo, ya juya jirgin gaba, baya da gefe. Idan wani fiffike ya yi rawa ko ya makara wajen amsawa, ranar babu tashi.

Wasu suna yin nisan, amma inji a kashe. Wannan rabin gwaji ne. Sai inji na gudu jijjiga ke fallasa wayar da ta saki, sannan idan sabo-sabo (servo), wato ƙananan na'urorin da ke motsa fukafukai, duka suka ja wuta lokaci guda, wutar da ke isa risiba tana iya faɗuwa har ta ɗauke na ɗan lokaci. A sama, wannan ɗan lokacin ya isa. Don haka a maimaita gwajin inji na aiki, mai riƙewa yana bayan farfela.

Batun eriya ne ya fi damuna, domin mutane da yawa suna nuna jirgi da tsinin eriyar rimot kamar mai saita bindiga, alhali nan ne sigina ta fi rauni. Gefenta ne ya kamata ya fuskanci jirgin. A cikin jirgin kuma, idan risiba tana da eriya biyu, a ware su a kusurwar digiri 90, nesa da batir, inji da duk abin da aka yi da kabon. Jikinka ma yana tare sigina, kada ka ba jirgin baya.

Sai wurin gwaji. Wanda ya gwada a tsakar gida a Nima ko Mamobi da ke Accra, tsakanin rufin kwano da Wi-Fi na maƙwabta, wanda shi ma yake kan 2.4GHz, bai san abin da zai tarar a fili ba. A gwada a inda za a tashi. Unguwannin nan ma suna kusa da filin jirgin saman Accra, ba wurin tashi ba ne, kuma a nemi ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, tukuna.

Gwajin watan jiya ba ya aiki yau. Iskar teku tana sa mahaɗan waya tsatsa, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. A gwada kowace ranar tashi, da bayan kowace faɗuwa ko gyara.

Kada a manta da saitin ko-ta-kwana, wanda ke tsayar da inji idan sigina ta yanke. Cire farfela, ba inji wuta kaɗan, sannan ka kashe rimot: dole inji ya tsaya. Idan ya ci gaba da gudu, a sake saitawa. Kafin ka saki jirgin kuma, duba allon rimot ka tabbatar ka fita daga saitin gwaji, domin ba kowane rimot ne ke komawa cikakken ƙarfinsa da kansa ba.