Yadda ake ba da jingar ɗinki a Legas ba tare da an ji kunya ba

Ni tela ne a Agege. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, lokacin da bukukuwa ke rincaɓewa, ɗinkin anko yakan fi ƙarfin kekunan shagona, dole in raba wa wasu. Ƙannena masu tasowa a sana'ar nan, ga yadda nake yi.

Mu jinga muke cewa. Ma'aikatan ofis na Ikeja kuwa outsourcing suke kiransa, kalmar da ta ɓullo a masana'antu wajejen 1980, ta bazu sosai bayan 1989, shekarar da kamfanin Kodak ya danƙa wa IBM kula da cibiyar kwamfutocinsa. Mutanen Ingila suna da wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, wato farm out. Ko da yake farm gona ce a Turanci, asalinta ba noma ba ne. Daga firma ta Latin ta fito, ta biyo ta Faransanci, tana nufin kuɗin da aka ƙayyade. Sarki yakan bar wa wani attajiri karɓar harajin wani yanki, attajirin ya biya abin da aka yanka masa, in an samu rara tasa ce, in an faɗi shi ya faɗi. Daga baya ne sunan ya koma kan ƙasar da ake haya, har ya zama gona.

To yankan kuɗin nan shi ne farkon komai. Kada almakashi ya taɓa yadi sai kun gama magana. "Malam, riga ashirin ce, nawa za ka yi min kowace?" A kan riga za ku shirya, ba a kan kwana ba. Ku faɗi wanda zai sayi zare, ku faɗi wanda zai zuba wa janareto mai in an ɗauke wuta, don rigima a nan take fitowa. In kun tafa, tura masa abin da kuka yanke ta WhatsApp, ya amsa. Ba rashin yarda ba ne, ɗan Adam ne da mantuwa.

Kafin alƙalami, sulusi ya isa. Wanda ya karɓe kuɗinsa duka, aikinka ne zai koma ƙasan tari.

Awo da yanka kuwa ba na ba kowa. Ɗinki, surfani, maɓalli, kalmasa da guga, waɗannan su nake fitarwa. Dalili shi ne yanka ba ya gyaruwa. Masu biki sukan sayi leshi ko shadda a kasuwar Balogun daidai kan mutanensu, in yadi biyar ya lalace, sai ka karaɗe kasuwar ba ka samu launin ba. Ranar nan Hajiya mai kayan ba ta san wani mai surfani ba, kai ta ba kayanta, ƙofarka za ta tsaya. Shi ya sa ma nake gaya mata tun farko cewa surfanin a waje za a yi.

Sabon hannu, riga ɗaya za ka fara ba shi. In ya kawo, juya ta ciki. Duba bayan surfanin ko zaren ya tattare yadin, ja kafaɗa ka ga ko ɗinkin zai buɗe baki, ɗora ta kan wadda ka ɗinka ka ga ko wuya ya zo ɗaya. In ta yi, ajiye ta a matsayin samfur, sauran duk da ita za a gwada.

Ka nemi na kusa. Akwai gwanaye a Obalende da Idi-Araba, amma daga Agege cunkoson Oshodi kaɗai zai cinye maka wuni. Wanda yaronka zai leƙa da ƙafa ya fi min, ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara. In bikin Asabar ne, ce masa Talata kake so, Laraba da Alhamis na gyara ne.

In ya kawo, ku ƙirga tare, har ƙyallayen da suka rage, don na masu kaya ne. Ka cika masa kuɗinsa a ranar, ko Hajiya ba ta biya ka ba tukuna, domin da kai ya yi jinga, ba da ita ba.