Hawan dutse a Asir lokacin ruwan Afrilu da Mayu: kurakuran da aka fi yi

Yawancin 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka da shirin zafi suke zuwa Abha, babban birnin yankin Asir mai duwatsu a kudu maso yammacin Saudiyya. Garin yana sama da mita 2,200 daga teku, Dutsen Sauda kuwa kusan mita 3,000, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Ga shi Afrilu da Mayu lokacin ruwa ne a can.

Babban kuskuren yana wajen tufafi. Jallabiya, singileti da wandon jins galibi auduga ne, ita kuwa auduga in ta sha ruwa ko gumi sai ta manne a jiki, iska na kaɗawa tana zuƙe ɗumin mutum. Ba sai ƙanƙara ta sauka ba, digiri 10 da jiƙaƙƙen kaya sun isa su kayar da ƙato. A sa riga uku: ta ciki irin ta 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, sai suwaita ta ulu, sai rigar ruwa mai hula. Lema dai a bar ta a mota, iska za ta birkice ta, ga ta cinye hannu guda. A ƙulle safa da riga busassu a leda cikin jaka. In abokin tafiya ya soma makyarkyata, harshensa na sarƙewa, yana yawan tuntuɓe, a sauya masa kaya nan take, a ba shi shayi mai zafi da dabino, a juya. Ko ya ce lafiyarsa lau, kada a biye masa.

Sai makara. Hadari galibi da rana yake haɗuwa, saboda haka wanda ya fara hawa bayan azahar da shi zai yi kiciɓis. A tashi bayan asuba, azahar ta same ku a ƙasa. In an ga walƙiya a ƙirga: daƙiƙa 3 kafin jin tsawa kusan kilomita 1 ke nan. Ƙasa da daƙiƙa 30, a bar ƙololuwa, kada kuma a raɓe a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Fakewa a cikin kwari ya fi duka haɗari. Ruwan da ya sauka can sama, inda ba ka gani, yana iya iso ka ko ɗigo bai taɓa ka ba, kuma mai gudu da bai kai ƙwauri ba ma yana kayar da mutum. Kada a zauna, kada a ajiye mota a wurin.

Hazo yana tasowa daga ɓangaren Tihama, wato filin da ke ƙasan duwatsun ta bakin Bahar Maliya, cikin 'yan mintuna ya rufe bakin rami. In hanya ta ɓace, a tsaya wuri ɗaya har ya yaye. A sauke taswira a waya tun daga masauki, a riƙe abin caji, domin sanyi na cin batir.

Takalmi ya zama mai haƙora a ƙasa. Wajen saukowa aka fi zamewa, sai a riƙa gajerun taku. Ruwan sha lita 2 kowane mutum, ko ba a jin ƙishi. Birai kuma kada a ba su komai, in sun ga leda a hannu za su biyo ta.

A sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Lambar Difa'ul Madani (hukumar kashe gobara da ceto) 998, ta motar asibiti 997.