Kakar besbol da sofbol ta yara a Amurka: abin da za ta ci daga gidanku

Idan yaro ya dawo daga makaranta da takardar shiga ƙungiyar besbol, ko yarinya ta ce tana son sofbol (wasanni ne masu kama da juna, na bugun ƙwallo da sanda), kafin ku tambayi kuɗin rajista ku fara duba kalandar gida. Kuɗin ana iya samun sauƙinsa. Lokacin ne ba a ragi. Daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuni, yaro ɗaya yakan yi atisaye sau ɗaya ko biyu a mako, da wasa biyu, ɗaya da yamma a ranar aiki, ɗaya ran Asabar. Mai 'ya'ya uku a rukunin shekaru daban-daban zai tarar da wasa uku a filaye uku, wani lokaci a sa'a guda. Wanda ke aikin dare ko tuƙin haya ya zauna da uwargida su raba ranakun tun kafin a sa hannu.

Rajista takan buɗe tun cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma nan ne sababbin zuwa suka fi makara, don ba wanda ke tunanin wasan fili ƙanƙara na zuba. Mafi shahara a ƙungiyoyin unguwa ita ce Little League, wadda aka kafa a 1939 a Williamsport ta jihar Pennsylvania, tana ɗaukar yara daga shekara 4 zuwa 16. Kowane reshe yana da iyakarsa a taswira: galibi ana son ko gidanku yana ciki, ko makarantar yaron. Ku tanadi takardar haihuwa da takardun da ke ɗauke da adireshinku, irin su na haya da na wutar lantarki. Lissafin shekaru kuma nasu daban ne. A besbol ana duba shekarun da yaro zai cika zuwa 31 ga Agusta na shekarar wasan, shi ya sa ake raba 'yan aji ɗaya. A ƙa'idar Little League ba a hana yaro wasa saboda rashin kuɗin rajista, sai dai ba za su san halin da kuke ciki ba in ba ku faɗa ba. Ku rubuta wa mai kula da rajista a asirce, ba abin kunya ba ne a wurinsu.

Akwai kuma ƙungiyoyin tafiye-tafiye, masu zuwa gasa garuruwa a ƙarshen mako, da kuɗin otal da na mai. Waɗannan kan ci dubban daloli a shekara. A shekarar farko ku bar su.

Ƙungiya takan ba da riga da hula. Sauran naku ne: wando, bel, safa, takalmi, safar hannu ta fata, galibi da hular kwano. Safar fatar a hannun da ba a jifa da shi ake sa ta, wato mai jifa da dama a hagu zai sa. Iyaye da yawa sun sayo ta a juye. Ɗan shekara 5 ko 6 inci 9 zuwa 10 ta ishe shi, ɗan 9 zuwa 12 kuwa inci 11 zuwa 11 da rabi. Kada a sayi babba wai ya girma da ita kamar rigar sallah. Hannunsa ba zai iya rufe ta ba, ƙwallo ta yi ta zubewa har ya tsani wasan. Sabuwa tana da tauri, sai a sa ƙwallo a cikinta a ɗaure ta kwana, a yi ta jifa da cafewa har ta yi laushi. Takalmi mai haƙoran roba ake so, na ƙarfe haramun ne a rukunan ƙananan yara.

Sandar bugu ita ce inda kuɗi ya fi salwanta. Tun 2018 Little League ba ta karɓar sandar besbol ta ƙarfe ga ƙananan yara sai mai tambarin USA Baseball. Mai tambarin wata hukumar wasanni, USSSA, kaɗai, ko ta fi tsada, alƙalin wasa zai fitar da ita. Sandar sofbol ma daban take, ba a musanya su tsakanin wa da ƙanwa. Ku tambayi koci kafin ku saya, kuma sau da yawa akwai na aro a jakar ƙungiya. Na hannu a kantin kayan wasanni ma ba su da laifi in tambarin bai goge ba.

Lokacin da aka rubuta na fara wasa ne, ba na isowa ba. Koci yana son yara a fili minti 30 zuwa 45 kafin nan don ɗumama jiki, yana kuma miƙa jerin sunaye kafin a fara. In an rasa yara isassu ƙungiya na iya rasa wasan gaba ɗaya saboda mutum ɗaya, kuma sauran iyaye ba sa mantawa. Sanarwa duk a manhajar waya take zuwa, irin GameChanger ko TeamSnap. Ku sa ta a wayar uwa da ta uba. Ruwan sama kan ɗage wasa ya faɗo a ranar da ba ku tsara ba. In an ji tsawa kowa ya shiga mota, sai minti 30 sun wuce ba a ƙara ji ba.

Wasan yamma na zagaye shida yakan kai sa'a biyu, ya cinye la'asar ya taɓo magariba. Ku riƙe darduma da gorar ruwa a but ɗin mota. Gefen fili akwai ciyawa, mutane ba su cika damuwa ba. Islamiyyar Asabar da Lahadi ita ce babbar karo, don haka ku kai wa malam jadawalin tun farkon kakar wasa, ku kuma gaya wa koci ranakun da yaron ba zai zo ba, har da ranar sallah. Yarinya mai hijabi ta sa na wasanni mara allura, wanda zai zauna lafau ƙarƙashin hular kwano, da riga mai dogon hannu ƙarƙashin ta ƙungiya. A sanar da koci tun ranar farko.

Abinci sai an yi dabara. A dafa tun rana a zuba a kula, in ba haka ba sai shagon fili, inda tsiran hot dog ɗin na iya zama da naman alade, alewa mai danƙo kuma da jelatin, wanda akan yi daga alade. Iyaye na karɓa-karɓar kawo abin taɓawa bayan wasa. Idan layinku ya zo, ku kawo na cikin leda mai rubutu, kuma ku nisanci gyaɗa: ƙuli-ƙuli da tsire na iya kai wani yaro asibiti, rashin jituwa da gyaɗa ba wasa ba ne a can. Za a kuma nemi ku yi aikin sa-kai, sayar da kaya a shagon ko share fili. Mai son taya koci sai an binciki tarihinsa, kowace shekara.

In ɗanku mai jifa ne a besbol, wato mai jefa wa mai bugu ƙwallo, ku riƙa ƙirga da kanku. Ɗan 9 zuwa 10 ba ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 kuma 85. Wanda ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu, 51 zuwa 65 kwana uku, 36 zuwa 50 kwana biyu, 21 zuwa 35 kwana ɗaya. Dalili shi ne ƙashin gwiwar hannu da kafaɗa bai gama ƙwari ba. Matsalar takan taso ga yaron da ke ƙungiya biyu, kowane koci yana ƙirga nasa kawai. Ya ce gwiwar hannu na ciwo, ba man zafi ba, likita.

A bakin fili ku yi tafi, ku bar koyarwa ga koci. Alƙalin wasa sau da yawa matashi ne ɗan sakandare, yi masa ihu na sa a kore ku daga fili. Faɗan da za ku yi wa yaro a gida kada ku yi shi a gaban mutane, ɗaga masa hannu kuwa na iya jawo hukumar kare yara har ƙofar gida. Kada kuma ku ajiye ƙaramin yaro ku tafi sai kun san wane babba ne zai kula da shi.

Farin wandon nan da jan ƙasar fili ke ɓatawa, a jiƙa shi daren da aka dawo, a goga sabulun sanda irin Fels-Naptha a gwiwa, sannan a sa a inji. Ya shiga na'urar busarwa da tabon, ya zauna kenan.