Darasi na Bakwai: Idan Giya Ta Ƙi Shiga Bayan An Sa Sabon Kuloci

Yakan faru mai mota ya sayi sabon farantin kuloci, makanike ya wuni a ƙarƙashin mota yana haɗawa, amma da aka tayar da inji aka taka kuloci har ƙasa, sai giya ta ƙi shiga, ko kuwa ta shiga da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. A nan ne ake yawan jin wani ya ce a sake sauke giyabos. Wannan gaggawa ce mai cin kuɗi da ƙarfi, domin sau da yawa matsalar tana waje, a hanyar da man kuloci yake bi, inda hannu yake kaiwa ba tare da an kwance babban abu ba.

A motocin da kulocinsu ke aiki da mai, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna da kuma Toyota Hiace ta haya, idan direba ya taka feda, masta ta sama, wato ɗan famfon da ke haɗe da feda, ita ce take tura man birki, wanda shi ne man kuloci, ta cikin bututu zuwa masta ta ƙasa da ke jikin giyabos. Ita kuma sai ta tura fok, wato ƙarfe mai baki biyu da ke riƙe da biyarin, fok ya danna biyarin a kan yatsun murfin da ke matse faranti, daga nan faranti ya rabu da fulawil, wato babban faifan ƙarfe da inji ke juyawa, giya ta sami damar shiga. Mai ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa, saboda haka ɗan kumfa kaɗan a cikin bututu ya isa ya cinye ƙarfin ƙafar direba kafin ya kai ƙasa.

A fara da gwajin da ba ya buƙatar sifana. A kashe inji, a gwada sa kowace giya. Idan sun ƙi shiga inji yana kashe, to a duba sandunan da ke haɗa hannun giya da giyabos, wataƙila ba a mayar da su daidai ba. Idan kuwa suna shiga lafiya amma suka ƙi da zarar an tayar da inji, musamman ribas, babu shakka kuloci ne ba ya saki. Sai a taka feda da sauri sau biyar ko shida, a riƙe, a sake gwadawa. In giya ta shiga a wannan karon, iska ce a ciki.

Cire iska aikin mutum biyu ne, kuma haƙuri yake so fiye da ƙarfi. A goge bakin robar da ake zuba man kuloci kafin a buɗe, a cika ta zuwa layin da aka rubuta MAX, da irin man da aka rubuta a murfinta, wato DOT 3 ko DOT 4. Kada a zuba baƙin mai ko man giya ko da ɗigo ɗaya, domin suna kumbura robobin masta su lalata su, kuma kada a yi amfani da kwalbar da ta daɗe a buɗe, saboda man birki yana jan danshin iska. A sa siririn tiyo mai nuna ciki a kan ɗan notin cire iska da ke jikin masta ta ƙasa, a tsoma ɗaya bakin a kwalba mai ɗan mai. Na ƙarƙashin mota shi ne mai ba da umarni. Zai ce wa yaronsa, "Taka, ka riƙe," sannan ya sassauta notin, mai ya fito da kumfa, ya sake ɗaurewa, kana ya ce, "To, saki a hankali." Idan yaro ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure notin, iska za ta koma ciki, aikin ya koma baya. Ana maimaitawa har sai man ya fito ba kumfa, ana kuma leƙa robar mai a kai a kai. Wannan ya fi muhimmanci a motocin Volkswagen da yawa, waɗanda birki da kuloci suke sha daga roba ɗaya, kuma bututun kuloci yana sama da na birki, ta yadda zai iya zuƙar iska alhali ido yana ganin saura mai.

Wani lokaci kumfa yakan maƙale ya ƙi fita. Sai a kwance masta ta ƙasa ba tare da an cire bututunta ba, a karkata ta yadda notin cire iska zai zama a sama, a tura sandarta ciki da hannu sannu a hankali. Kada kowa ya taka feda alhali tana a kwance, domin fistin ɗinta zai yi tsalle ya fito.

Bayan an mayar da ita, a sa ido a kan sandarta yayin da ake taka feda. A ƙananan motoci takan yi tafiyar kusan faɗin yatsa. Idan tafiyar ta gaza, a koma ga masta ta sama. A duba ko darduma ta tattare a ƙarƙashin feda, ko akwai jiƙewar mai a wurin, ko kuma sandar da ke shiga masta tana da wasa da yawa kafin ta fara turawa. Sannan a taka feda a riƙe na ɗan lokaci ana kallon sandar ƙasa. Idan ta fara komawa baya ƙafa tana nan a danne, robar da ke tare mai a cikin mastar sama ce take barin mai ya wuce, ko da ba a ga ɗigo a waje ba.

Sai an tabbatar sandar tana cika tafiyarta, giya kuma ba ta shiga, sannan sauke giyabos ya zama dole, kuma a ɗora motar a kan matokari masu ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. Abu na farko da za a duba shi ne fuskar faranti. A jikin da yawa daga cikinsu an rubuta FLYWHEEL SIDE, ma'ana wannan fuskar ce take kallon inji, kuma idan aka juya shi, tudun tsakiyarsa yakan tokari kusoshin fulawil ya hana shi rabuwa. A duba ko farantin ya lanƙwashe, abin da ke faruwa idan aka bar nauyin giyabos ya rataya a kansa lokacin haɗawa. A zura shi a kan haƙoran sandar giyabos a ga ko yana zamewa ba tare da cijewa ba, a taɓa ƙaramin biyarin da ke tsakiyar fulawil a ji ko yana juyawa, a kuma tabbata fok yana zaune a kan mazauninsa. A ƙarshe a ajiye tsohon faranti da tsohon murfi da tsohon biyarin kusa da sababbin, a gwada faɗi da kauri da tsawo, domin kaya sukan yi kama a kanti amma su bambanta da abin da ya ishe su hana kuloci saki. Saboda wannan gwajin ne bai kamata a sayar wa 'yan gwangwan da tsofaffin kayan ba sai motar ta hau titi giya tana shiga lafiya.