Yadda za ki tsaya wa ɗanki a lakwal ranar da aka ce masa dolo

Ɗana na fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Shekararsa 7 na kai shi CI, ajin farko, a wata lakwal ta gwamnati nan Damagaram. Bai cika mako uku ba aka aiko yarinya ta ce mushe na nemana. Na bar keken ɗinki na tafi. Na tarar da shi can ƙuryar aji, ya toshe kunnuwa da hannu biyu yana kaɗa jiki, sauran yara sama da tamanin suna bin mushe da ƙarfi suna maimaita baƙaƙe. Mushe ya ce, "Madam, wannan dolo ne, ki mayar da shi gida, wuri kawai yake tarewa." Na kama hannunsa muka taho, ina share hawaye da gefen mayafi. Shekara guda cur ya yi a gida, saboda na yarda da hukuncin mutumin da ya san shi kwana 15 kacal.

Yanzu yana CE2, aji na huɗu, yana karatu a hankali, lissafi kuwa ya fi da yawa daga cikin ƴan ajinsu. Abin da zan faɗa miki, ƴar'uwa, shi ne abin da na so a ce wata ta faɗa mini a waccan ranar.

Ki fara da kaye

Ki sayi kaye mai shafi 100 da bik, ki ajiye su inda yara ba za su kai ba. Kullum ki rubuta kwanan wata da abin da idonki ya gani, ban da abin da kike tsoro. "An kira sunansa sau huɗu bai waiwayo ba, amma da aka buɗe ledar biskit ya taho da gudu." "Injin niƙa ya tashi, ya shige ƙarƙashin gado." "Ya jera murafun kwalba 40 bisa launi, bai yi kuskure ba." Ki rubuta abin da ya iya kamar yadda kike rubuta abin da ya gagare shi, domin a lakwal ba wanda zai tambaye ki abin da ya iya, ke ce za ki kawo shi. In ba ki rubutu da boko, ki yi da ajami, ko ki ɗauki muryarki a waya, ko wani yaro na gida ya rubuta miki.

Da wannan kaye za ki je likita. Ki fara da CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, su ba ki takarda zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, ki nemi ganin likitan yara. Ki roƙa a duba kunne da ido kafin komai. Ƙasarmu ƙasar sanƙarau ce, kuma sanƙarau kan tafi da jin yaro ba a lura ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa shi ma yakan bar tabo. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi tsit na ƴan daƙiƙoƙi idonsa a buɗe, malam ya ɗauka raini ne. Wannan tana da magani. Tun 2006 aka ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, saboda haka in kin ga alama da wuri kada ki jira ya isa shiga lakwal kamar yadda na yi.

Nawa kunnensa lafiya lau. Likita ya daɗe yana karanta kayena, ya yi wasa da yaron, sannan ya rubuta otizim, abin da gidajen rediyo ke kira galahanga. Ya ce mini babu allura ko ƙwaya da ke cire shi, ba laifin nono ba ne, ba laifin rigakafi ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa take karɓar duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yaro 1 cikin kusan 100 haka yake. Ki lissafa da ajin mutum tamanin, ki ga ko naki kaɗai ne a garin nan. Wasu kuma nasu rashin iya zama wuri ɗaya ne, wasu baƙaƙe ne ke rikice musu alhali bakinsu ya fi na kowa kaifi. Ki roƙi likita ya rubuta abin da ya gani a takarda mai hatimi, ki yi mata hoto biyu, ki ɓoye ta asali.

Uwar mijina ta ce iska ce. Ban yi jayayya da ita ba. Na ce, "Inna, a ci gaba da addu'a da tofi, ni ma ina yi, amma a bar ni in kai shi lakwal." Abu biyu kawai na hana a gidana: duka da ɗauri, da kuma turaren da ke sa shi shaƙewa. Ki jawo maigida tun farko ko da sau ɗaya ne ya raka ki, don na ga yadda ake miƙe wa namiji kujera a ofishin da aka bar ni tsaye.

Wa ake kira dolo, wa ake kira mai ƙiriniya

Nan ne zuciyata ta fi zafi. Ranar da na koma neman a sake karɓarsa, na zauna a dakalin ofishin darakta kusa da wata Bafulatana da ta zo daga bayan gari da ƴarta. Yarinyar ba ta jin Faransanci ko kaɗan, Hausarta ma kaɗan ce. An yi mata tambayoyi uku da Faransanci, ta sunkuyar da kai, aka ce ba ta da ƙwaƙwalwar karatu. A ajin nan kuwa akwai ɗan wani ma'aikaci da ke hawa kan tebur yana ihu, shi an ce ƙiriniya ce, zai daina. Hali ɗaya, suna biyu. Ɗan mai albashi "yana buƙatar kulawa", ɗan mai tallan ƙuli "ba ya ji". Ki ce daga Birni kike a saurare ki, ki ce daga Kara-Kara kike, unguwar da aka kafa wa kutare tun zamanin da, a gama yanke wa ɗanki hukunci kafin ya buɗe baki. Haka Barebari da Buzaye da Tubawa da ke shigowa gari da ƴaƴan da harshen gidansu daban ne. Yarinya mace kuwa in ta yi shiru ba wanda ke damuwa, a ce kunya ce, har ta kai CM2, ajin ƙarshe, ba ta iya haɗa baƙi biyu ba.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ya karanta mini yadda aka yi irin wannan a Amurka. A 1970, a jihar Kalifoniya, iyayen yara 9 ƴan asalin Meziko suka kai ƙara saboda an gwada basirar ƴaƴansu da Ingilishi aka tura su ajin masu raunin hankali. Da aka sake gwajin da Sifaniyanci, harshen gidansu, mafi yawansu suka haye. Aka yi yarjejeniya cewa dole a gwada yaro da harshen da yake ji. A 1979 kuma wani alƙali a San Faransisko ya hana amfani da irin wannan gwaji wajen tura ƴaƴan baƙar fata waɗannan azuzuwa, domin sun cika su fiye da yawansu a makarantu. Iyaye ne suka tayar da maganar duka biyu. Can launin fata ne, nan harshe ne da unguwa da aljihu, amma ciwon na gane shi.

Saboda haka ga abin da za ki tsaya a kai, ko da murya na rawa: kada a yanke wa ɗanki hukunci da harshen da ba ya ji. Ki ce, "Mushe, don Allah a sake tambayarsa da Hausa, ina zaune." In Fulatanci ko Barbarci yake ji, ki zo da wanda zai fassara. Ki ce a bar shi ya nuna da hannu, ya ƙirga da tsakuwa, ya zana a allo. Wannan ba baƙon abu ba ne a garinmu: a nan Damagaram aka buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Sannan ki yi wannan tambaya da ladabi: "Akwai wani yaro a ajin da ke yin irin abin da nawa ke yi? Shi me aka yi masa?" Na yi ta, darakta ya yi shiru, daga nan maganarmu ta sauya.

Zama da darakta

Kada ki je da tsakar karatu, kada ki je cikin fushi. Ki nemi a ba ki rana. Ki tafi da mutum ɗaya: maigida, ko wata daga ƙungiyar iyaye mata ta AME, ko wani dattijo na Kojes, kwamitin da ke kula da tafiyar lakwal. Shaida na sa a auna magana. Ki gaisa sosai, ki tambayi gajiya, ki yaba wahalar malam, domin gaskiya ce: mutum ɗaya da yara tamanin, wani lokaci a rumfar zana, cikin zafin Afrilu, kuma ba lalle an taɓa koya masa komai game da irin ɗanki ba. Wanda ya kira ɗana dolo, shi ne daga baya ya fara ba shi alli ya rubuta lamba a babban allo.

Kada ki ce "a taimaka masa", wannan ba ta kama ko'ina. Ki roƙi abubuwa ƙanana da ba sa cin kuɗi, uku ko huɗu. Ni na roƙi a zaunar da shi a gaba, gefen ƙofa, inda ƙarar ta fi sauƙi. Na roƙi a faɗa masa umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da Hausa, a gajarce. Na roƙi in ya toshe kunne a bar shi ya fita gindin bedi minti biyar ya dawo, ba bulala. Na roƙi a haɗa shi da yaro ɗaya mai haƙuri da za su zauna tare har lokacin hutun tara. Daga baya na ƙara da cewa ranar jarrabawa a karanta masa tambaya da baki a ƙara masa lokaci. In naki mai yawan motsi ne, ki ce a ba shi aikin goge allo da raba kaye, ƙafarsa ta samu abin yi. In baƙaƙe ne ke gagararsa, kada a tsayar da shi ya yi karatu gaban aji ana dariya.

Abin da aka amince, a rubuta. A Amurka doka ce tun 1975 a rubuta wa kowane irin wannan yaro tsarin karatunsa tare da iyayensa. Mu a nan shafi ɗaya na kayena ya yi mini wannan aiki: kwanan wata, abubuwa huɗu, sa hannun mushe, nawa, da na shaida. Na sayi wani ƙaramin kaye da ke tafiya a jakar yaron, mushe ya rubuta layi ɗaya ranar Juma'a, ni in amsa ranar Litinin. In dare ya yi masa wuya bai yi barci ba, ina rubutawa, mushe ya san da wa zai wuni.

In an ƙi

Wani daraktan zai ce babu wuri, ko ya ce ki kai shi makarantar kurame alhali yana ji. Ki rubuta wasiƙa gajera, kofi biyu, ki ba da ɗaya, a buga miki hatimi a ɗayar. Daga darakta sai konseye mai zagaya malamai, sai sufeton makarantun firamare na yankinku, sai ofishin ilimi na jiha. Ki bi su bi da bi, kada ki tsallake, don wanda aka tsallake yakan riƙe a zuciya, kuma ɗanki a hannunsa yake.

Ki sa waɗannan a wasiƙar. Dokar tsarin ilimi ta Nijar mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowa ne ba tare da bambancin jinsi, asali, launi, ƙabila ko addini ba. Nijar ta rattaba amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda sashenta na 24 ya ce kada a fitar da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasa. Akwai kuma doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019 kan shigar da naƙasassu cikin al'umma. Ki nemi mutanen tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, sun saba da waɗannan ofisoshi. Na daɗe ina ƙin kalmar naƙasa a kan ɗana, har yanzu ba na kiransa da ita a gida, amma a takarda ita ce ke buɗe ƙofa.

Takardar haihuwa ma ki tabbata tana hannu. In babu, ki fara neman ta kotu tun yanzu, kada ta zama hujjar mayar da ke.

Bafulatanar nan na sake haɗuwa da ita a kasuwar Dole tana sayar da nono. Ta ce, "Adda, ni ban san bakin da zan yi musu ba." Na ce ta zo ranar Laraba. Muka tafi mu uku da wani ɗan'uwanta mai jin Hausa sosai, aka sake tambayar yarinyar da Fulatanci, ta ƙirga har 50, ta faɗi sunan kowace saniya ta gidansu da ta uwarta. Matsalarta ta gani ce, allo ba ya fito mata daga baya. Yanzu tana layin gaba da tabarau. In kin samu hanya ta buɗe miki, ki duba dakalin nan kafin ki fita, akwai wadda ke zaune ba ta da mai raka ta. Mu shida ne yanzu, muna haɗuwa a zaurenmu Asabar ɗin farko ta wata, kowa da kayenta.

Abu na ƙarshe da ke kama iyaye ba shiri: malam na sauyawa kowace shekara, abin da kuka gina da na bara ba ya bin yaro da kansa. Ana buɗe lakwal a Oktoba, to ki je tun ƙarshen Satumba lokacin da darakta ke rajista. Ki tambayi wanda zai riƙe ajin, ki kai masa hoton takardar likita da shafin yarjejeniyar bara. Ki roƙa a buɗe muku ajin babu kowa, yaron ya shiga ya taɓa teburinsa, ya ga inda bayi yake, ya ji muryar sabon mushe cikin shiru. Bana sau biyu muka je. Ranar buɗewa ya saki hannuna tun daga bakin ƙofa, ya wuce kai tsaye tebur na biyu gefen dama.