Darasi na 12: Seleniyam, ɗan'uwan farar wuta

Kowa ya san farar wuta, wadda ake samu a wajen 'yan koli. To, tana da ɗan'uwa da ake kira seleniyam. A rubuce ana taƙaita sunansa da haruffa biyu: Se. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ne ya gano shi a shekarar 1817, cikin jan laka da ya kwanta a wata masana'antar asid.

Seleniyam ba ya son zama shi kaɗai. Halinsa kuma yakan bi na abokin da ya haɗu da shi.

Idan ya haɗu da ƙarfe, sai ya zama kayan masana'anta. A cikin ƙasa yakan maƙale wa jan ƙarfe, shi ya sa yawancin wanda ake sayarwa a duniya daga dattin da ya rage bayan an tace jan ƙarfe ake ciro shi. Haɗinsa da ƙarfen kadmiyam yana ba da jan launi jawur a gilashi da fenti. Akwai ma wasu farantan sola marasa kauri da ake yi da shi.

Amma abin da ya fi shafarmu shi ne haɗinsa da kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da jikin kowane mai rai. Shuka takan tsotso seleniyam daga ƙasa, ta ɗaura shi a jikin kabon, ya zauna a cikin ƙwayar hatsi. Mu ci, dabbobinmu su ci. Muna kuma samunsa a kifi da ƙwai da hanta. Jiki na amfani da shi wajen kare tsoka da zuciya daga lalacewa. Abin da baligi ke buƙata a rana maikirogiram 55 ne kacal. Ku raba giram ɗaya gida miliyan, ku ɗauki 55. Da ƙyar ido zai gani.

Duk da ƙanƙantarsa, rashinsa na kisa. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ƙasar noma ba ta da shi sosai, ciwon zuciya ya yi ta ɗaukar yara da mata, har aka sa wa cutar sunan gundumar. Ƙasar Finlan kuwa tun 1984 ta fara zuba shi cikin takin zamani. Makiyayi ma zai iya ganin alamar: ɗan rago ko maraƙi ya kasa tsayawa, ƙafafu sun sandare, yana son nono amma ya kasa kamawa.

A nan ne nake roƙonku da ku natsu. Allurar seleniyam da bitamin E tana maganin wannan ciwo na dabbobi, amma tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa tazarar ba ta da yawa. A shekarar 2009, dawakan folo 21 suka mutu a jihar Fulorida ta Amurka, domin an yi kuskuren awo an cika seleniyam a allurarsu. Kada ka ce rago ya rame bari in ƙara masa. Malamin dabbobi ne zai auna gwargwadon nauyin dabbar. Idan seleniyam ya yi wa mutum yawa, gashi na zubewa, farce na karyewa, numfashi kuma na warin tafarnuwa ko da bai ci ba, saboda jiki na haɗa rarar da kabon yana fitarwa ta huhu.

Sabulun ruwa na amosanin kai da kyasbi, wasunsu seleniyam ne haɗe da farar wuta. Na shafawa ne a wanke, a kiyaye ido, a ajiye nesa da yara.

Aikin gida: kowa ya zo da kwalin maganin dabbobi ko robar sabulun amosani. Za mu nemi haruffan Se tare, mu karanta lambar da ke gefensu.