Kurakuran da ke kashe jadawalin aiki a manhajar tsarawa, da yadda ake gyara su

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ko jadawalin aiki yana da rai. Buɗe fayil ɗin a Microsoft Project, ko Primavera P6, ko ProjectLibre wadda kyauta ce, ka ƙara kwana 10 a kan haƙar harsashi, sannan ka dubi ranar miƙa aiki. Idan ta matsa, manhajar tana yi maka lissafi. Idan tana nan daram, zane kawai ka yi, kuma da ka yi shi a Excel da bai ci maka lokaci haka ba. Yawancin kurakuran da za a ambata a nan daga wannan tushe suke: mutum ya sami injin lissafi ya mayar da shi allon zane.

Don magana ta zauna, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: kwangilar gina azuzuwa uku a jere, daga share fili zuwa fenti.

Rubuta kwanan wata da hannu

Wannan shi ne uban kurakurai. Sabon mai amfani yana ganin gurbin ranar farawa da na ranar gamawa, sai ya cike su ɗaya bayan ɗaya. A Microsoft Project, duk aikin da ke kan lissafin kai tsaye, da zarar ka rubuta masa ranar farawa da hannu, manhajar tana kafa masa turke mai cewa kada ya fara kafin wannan rana. Ba za ta yi maka hayaniya ba, ɗan hoton kalanda kawai za ka gani a gefen layin aikin. Daga nan ko an gama aikin da ke gabansa da wuri, shi ba zai jawo baya ba. Azuzuwa uku masu layi 60, kowanne da turkensa, babu abin da zai motsa yadda ya kamata.

Akwai kuma tarko na biyu. Tun daga fitowar 2010, sabon aiki a Project yana zuwa ne a tsarin hannu, wato manhajar ba za ta matsar da shi da kanta ba. Kafin ka rubuta layi ko ɗaya, duba ƙasan allo ta hagu ka mayar da sababbin ayyuka kan Auto Scheduled, wato lissafin kai tsaye. Idan ka riga ka rubuta, zaɓe su duka ka danna Auto Schedule, sannan ka buɗo shafin nau'in turke, wato Constraint Type, ka mayar da kowane layi kan “da wuri gwargwadon hali”. Ranar fara kwangilar gaba ɗaya wuri guda ake sa ta, a cikin Project Information. Abin da ya rage maka shi ne abu biyu: tsawon kowane aiki, da abin da yake jira.

Turke yana da wurinsa, amma kaɗan ne: ranar da za a ba ka fili, ko ranar da aka yi alkawarin kawo kaya daga waje. Ranar da mai aiki, wato wanda ya ba ka kwangilar, ya ce lallai a miƙa masa gini kuwa, kada ka ɗaure ta da “dole a gama a rana kaza”. Yin haka yana sa manhajar ta nuna maka ranar da kake so ko da lissafi ya wuce ta. Sa ta a gurbin Deadline. Kibiya za ta tsaya a ranar, jadawali ya ci gaba da tafiyarsa, ranar da ya ƙetare ta kuma ka ga jan gargaɗi.

Ayyukan da ba a ɗaure da juna ba

Kowane layi, ban da na farko da na ƙarshe, yana bukatar abin da yake jira da abin da ke jiransa. Layin da babu mai jiransa, manhajar tana ɗauka ko a ranar ƙarshe aka gama shi babu laifi. Shi ya sa za ka ga wayarin yana nuna rarar kwana 70, wato zai iya makara haka ba tare da ya taɓa ranar miƙa aiki ba, alhali mai filasta ba zai taɓa bango ba sai an binne bututun waya.

Ɗauri iri huɗu ne, amma wanda ya kamata ya mamaye jadawali shi ne “gama wannan, a fara wancan”. Ana amfani da “a fara tare” idan ayyuka biyu suna bin juna a baya, kamar haƙa rami da zuba kankaren ƙasa: masu haƙa su ba da tazarar kwana 2, masu zubi su biyo su. Wanda farawar wani ke kawo gamawar wani kuwa, da wuya ka bukace shi a gini, idan ka gan shi a fayil ɗin wani ka fara zargin kuskure ne.

Wasu kuma suna wuce gona da iri: su zaɓi layuka duka su danna sarƙa, komai ya jeru kamar raƙuman ayari. Sakamakonsa ginin wata biyar ya koma wata tara, domin an hana mai walda fara ƙera tagogi har sai an gama rufi, alhali a shagonsa yake aikin. Tambayar da za ka yi wa kowane layi ita ce: mene ne in babu shi wannan aiki ba zai yiwu ba? Shi kaɗai za ka ɗaura masa. Kuma ɗaurin ya kasance tsakanin ƙananan layuka, kada ya taɓa manyan kanun da ke tattara su.

Kalandar da ba ta san wurin aikin ba

Kalandar da Project ke zuwa da ita Litinin zuwa Juma'a ce, ƙarfe 8 zuwa 5 da hutun awa ɗaya, awa 40 a mako. Wurin gini kuwa galibi kwana shida ake yi. Aikin kwana 150 mako 30 ne a kalandar kwana biyar, mako 25 a ta kwana shida. Bambancin mako biyar ke nan tun ba a sari ƙasa ba.

A shiga Change Working Time a gyara ranakun mako, a rage awannin Juma'a saboda masallaci, a sa ranakun hutu. Wanda yake aiki a Najeriya ya sa 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba da sauransu, amma wanda ya fi cin jadawali shi ne Sallah. Gwamnati kwana biyu ta saba bayarwa, leburan da ya tafi garinsu kuwa sai ya kwashe mako. Rubuta abin da ka san zai faru. Sannan watannin Musulunci suna jawowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka kalandar bara ba za ta yi maka aikin bana ba. Azumi ma a ba shi nasa awannin, zubin kankare da tsakar rana a watan Ramadan ba ya tafiya da saurin sauran watanni. Damina kuma, a yankin Kano ruwa ya fi ƙarfi a Agusta: idan haƙar harsashi ko buɗe rufi ta faɗo a nan, ko dai a ƙara kwanaki ko a sauya jeri.

Ƙaramin abu da ake mantawa: bayan ka gyara kalanda, shiga zaɓuɓɓukan manhajar ka mayar da awannin mako daga 40 zuwa 48. In ba haka ba, duk inda ka rubuta “mako 1” za ta fassara shi kwana biyar.

Kankare kuma bai san Lahadi ba. Idan injiniya ya ce katakon da ke tallafe da zubi ya zauna kwana 21, ka rubuta tazarar a matsayin 21ed, wato kwanakin kalanda a jere. Idan 21d ka rubuta a kalandar kwana biyar, manhajar za ta sa ka jira kusan kwana 29.

Tsawon aiki na fatar baki

“Kwana nawa zai ci?” “Mako ɗaya, in sha Allahu.” Haka ake samo yawancin lambobin da ke cikin jadawali. Hanyar da ta fi ita ce a fara da yawan aiki. A ce bangon azuzuwan zai ci bulo 2,400, kuma daga ayyukanka na baya ka san birkila ɗaya da leburorinsa yana jera 100 a rana. Birkila uku, kwana 8. Lambar tana da tushe, kuma ranar da ta karye ka san inda za ka duba.

Inda babu tabbas, akwai dabarar da rundunar sojan ruwan Amurka ta fito da ita a 1958 lokacin aikin makamin Polaris: a ɗauki ƙiyasi uku. Rufi in komai ya tafi daidai kwana 6, yadda aka saba kwana 8, in abubuwa sun cakuɗe kwana 16. Haɗa na farko da na ƙarshe da na tsakiya sau huɗu, ka raba da shida: 54 a raba 6, kwana 9.

Layi mai tsawo ma matsala ne. “Ginin bango, kwana 40” ba ya gaya wa kowa komai har sai ya makara. Raba shi: daga harsashi zuwa ƙasan taga, zuwa linta, zuwa ƙarshe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada layi ya gaza awa 8 ko ya wuce awa 80. Ba wahayi ba ce, amma tana hana layin “sayo ƙusa” da layin “gina makaranta” zama a jadawali ɗaya.

Sai ayyukan da ba a ganinsu a fili: amincewa da zane, fitowar kuɗin kashi na biyu, odar rodi da kwanon rufi, zuwan mai duba aiki kafin zubi. Su ne suka fi tsayar da gini, su ne kuma aka fi bari a waje. Kowannensu ya samu layinsa da mai alhakinsa. Manyan matakai kamar “an kai linta” a sa su a matsayin zango mai tsawon kwana 0.

Kashin bayan jadawali

Dabarar gano jerin ayyukan da ke yanke ranar gamawa ta fito ne daga kamfanin DuPont a ƙarshen shekarun 1950, kuma ita ce ainihin lissafin da waɗannan manhajoji ke yi. Jerin da ya fi kowanne tsawo, wanda ba shi da rara ko ta kwana ɗaya, shi ne kashin baya. Kuskuren shi ne ɗauka cewa aikin da ya fi tsada ko ya fi wahala shi ne a kansa.

Dubi bayan an gama bango. Rufi kwana 9, silin kwana 6, jimla 15 kafin fenti. A ɗaya gefen, ƙera ƙofofi da tagogi kwana 8, kafa su kwana 3, jimla 11. Tagogi suna da rarar kwana 4. Mai walda ya makara da kwana 3, babu abin da ya sami ranar miƙawa. Ya makara da kwana 6, fenti ya matsa da kwana 2, kashin bayan kuma ya bar rufi ya koma shagon walda. Saboda haka a buɗo shafin Total Slack, wanda ke nuna rarar kowane layi, a riƙa dubawa duk mako, musamman layukan da rararsu ba ta wuce kwana biyar ba. Ƙara ma'aikata a aikin da ke da rara asarar kuɗi ce kawai.

Kafinta ɗaya a wuri uku

Jadawali yana iya yin kyau a ido alhali ya sa kafinta ɗaya yana katakon linta, yana rufi, yana silin duk a ranar Talata. Sai ka sa sunayen ma'aikata a kan layuka manhajar za ta nuna maka jan mutum-mutumi a gefen inda nauyi ya yi yawa. Akwai maɓallin da ke daidaita wannan da kansa, amma kada a bar shi a kunne: yana iya tura aiki gaba da makonni ba tare da ya san dalilinka ba. Ajiye kwafin fayil, daidaita mutum ɗaya a lokaci guda, ka duba abin da ya motsa.

Lissafin manhajar shi ne yawan aiki daidai yake da tsawon kwanaki sau yawan ma'aikata. Ka mayar da birkiloli daga uku zuwa shida, tana iya ce maka kwana 8 ya koma 4. Ba ta san tankin ruwa ɗaya ne ba, ba ta san tifar yashi sau ɗaya take zuwa a rana ba. Aikin da yawan hannu ba ya rage masa lokaci, kamar jiran bushewar filasta, a sa shi a nau'in tsayayyen tsawo.

Bayan an fara aiki

Kafin a sari ƙasa, a danna Set Baseline. Wannan yana ɗaukar hoton tsarin da aka amince da shi, kuma da shi za a riƙa auna tafiya. Wanda bai yi ba, bayan wata biyu ba shi da abin da zai nuna cewa ya makara ko bai makara ba. Wanda kuma yake sake ɗaukar hoton duk lokacin da ya makara, kullum fayil ɗinsa zai ce lafiya lau. Project tana da gurbi 11 na wannan: a bar na farko yadda yake, sabo ya shiga wani gurbin, shi ma sai mai aiki ya amince da sauyin a rubuce.

Wajen sabunta jadawali, kada ka tambayi shugaban ma'aikata kashi nawa aka yi. Bangon nan na kwana 8, an ci kwana 6, zai ce maka kashi 75, domin kwanaki yake ƙirgawa. Je ka ƙirga bulo. Idan 1,200 aka jera, rabi aka yi, a kan 200 a rana maimakon 300. Sauran 1,200 suna bukatar kwana 6, bangon zai ci kwana 12 ke nan. Abin da za ka shigar uku ne: ainihin ranar da aka fara, kwanakin da aka ci, da kwanakin da suka rage.

Sannan ka sa ranar rahoto a Status Date, ka shiga Update Project ka umarci manhajar ta ɗauko duk aikin da ba a gama ba ta dawo da shi bayan wannan rana. Idan ba a yi haka ba, za ka tarar da layin da ya kamata a yi makon jiya yana zaune a makon jiya babu ko kashi ɗaya, ayyukan da ke jiransa kuma suna nan a ranakunsu kamar an gama shi. A tsayar da rana ɗaya a mako don wannan, misali yammacin Alhamis, a ajiye kwafin fayil da kwanan watan a jikin sunansa, a buga ayyukan mako biyu masu zuwa a takarda ɗaya a miƙa wa shugaban ma'aikata kafin safiyar Asabar.